Kwamfuta ta ce a sa mata faifan Windows kuma babu shi: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gyaran kwamfuta nake yi nan Birnin Kebbi, kuma da wuya sati ya fita ba a kawo min wagga matsalar ba, ko a kira ni daga Jega ko Argungu ko Kamba ana tambaya. Mutum ya je zai ƙara wani abu cikin Windows, ko rubutun Larabci ko wani abin da manhajarshi ke nema, sai kwamfuta ta tsaya ta ce a sa mata faifai, shi kuma tun ran da ya saye ta bai taɓa ganin faifan da idonshi ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yawan waɗanda anka yi ma fomatin a banza, aikin shekaru ya tafi saboda fayil ɗin da bai kai girman hoto ɗaya ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri ɗaya, kusan yadda ake yi min su.

Oga, ta rubuto "Files Needed" ta ce in sa faifan Windows XP. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba, kwantar da hankalinka. Lokacin da anka yi XP a 2001 ma'ajiyar kwamfuta ba ta da girma irin ta yanzu, saboda haka in ana ɗora Windows ba a kwashe komai daga faifai, abin da kowa ke buƙata kawai ake ɗauka a bar sauran can, irin su fas (fax), da IIS mai mayar da kwamfuta sabar shafukan intanet, da fayilolin harsuna kamar Larabci da Sinanci. Ran da ka nemi ɗaya daga cikinsu sai ta koma inda ta baro su. Kamar tela ne ya ɗinka maka riga ya mayar maka da sauran yadi, in ka dawo kana son a ƙara aljihu dole ka zo da sauran yadin nan, kuma irinshi sak, ba wani mai kama da shi ba. Riƙe wanga misalin don kusan duk amsoshin da ke ƙasa kanshi suke.

To ina sauran yadin yake tunda ba ni da faifai?

Folda ce mai suna i386, sunan ya samo asali daga wani furosesa na Intel da ya fito 1985, kuma kusan duk Windows XP cikinta yake, girmanta wajen 500MB. Kafin ka fita nema duba cikin kwamfutarka tukuna, don kamfanoni da yawa sukan bar kwafinta a C:\I386 ko C:\WINDOWS\I386. In ka ganta, koma kan akwatin da ke tambayar faifai, danna "Browse" ka nuna mata wurin, shi ke nan.

Amma kula, akwai wata i386 ƙarƙashin C:\WINDOWS\Driver Cache, wannan direbobi kawai ke ciki, mutane da yawa ita suke nunawa sai su ce sun gwada bai yi ba. Alamar ta gaskiya ita ce zaka ga fayiloli dubbai da sunansu ya ƙare da ɗan layi a ƙasa, kamar .dl_ da .ex_, matsattsu ne, Windows ce ke warware su da kanta.

Malam ne ke tambaya: ina son buga Larabci a XP, haruffan suna fitowa a rarrabe kuma daga hagu. Mi ya sa?

Allah ya gafarta malam, wagga ita ce tambayar da na fi samu, kuma ba abin mamaki ba ne a ƙasar Gwandu inda malamai ke da littattafai da wasiƙu da jarrabawar Islamiyya da suke son bugawa. XP ta Turanci ba ta zuwa da cikakken tsarin rubutu daga dama zuwa hagu, sai an kunna shi. A shiga Control Panel, sai "Regional and Language Options", sai shafin "Languages", a sa alama a layin da ya fara da "Install files for complex script and right-to-left languages". Za ta ce tana son wajen 10MB, sannan ta nemi faifai, nan ne za a nuna mata i386. In ta gama a kashe a kunna, sai a dawo wurin a danna "Details" a ƙara kibod ɗin Larabci, daga nan Alt da Shift ke juya harshe.

Abin da nake roƙo shi ne kar a danna "Cancel" in ta tsaya kan wani fayil, don za ta tambaya ko a tsallake shi, in anka ce eh sai abin ya shiga rabi da rabi, kibod ya fito amma salon rubutun bai shiga ba, ko akasin haka, kuma alamar tana nan a akwatin kamar komai ya yi. In haka ta riga ta faru a cire alamar, a kashe a kunna, a sake sa ta daga farko da folda cikakkiya.

Akwai akwati na biyu ƙarƙashinshi na harsunan gabashin Asiya, wannan wajen 230MB yake ci kuma yana neman folda mai suna LANG cikin i386. Malam ba ya buƙatarshi, a bar shi.

Na nuna mata folda ta ɗauki wasu fayiloli, sai ta sake tsayawa tana neman faifan "Service Pack 3". Wane faifai ne kuma wannan?

Galibi ba wani faifai daban ba ne. XP ta samu manyan gyare-gyare uku, SP2 ta fito 2004, SP3 kuma 2008, kuma kowace tana canza ɗaruruwan fayiloli. In an ɗora Windows daga tsohon faifai sannan anka ɗora SP3 daga baya, to yadin naka ya rabu biyu ke nan, wasu fayiloli na tsohon faifai wasu kuma na C:\WINDOWS\ServicePackFiles\i386. Sai ka riƙa karanta sunan faifan da take kira, in ta ce Service Pack ka nuna mata wannan foldar, in ta ce Windows XP kawai ka mayar da ita waccan, wani lokaci sai ka yi kai da kawowa sau biyar ko shida, haƙuri kawai.

In babu ServicePackFiles amma kana da babban fayil ɗin SP3, wanda sunanshi ke ɗauke da KB936929 mai girman wajen 316MB, ba sai ka sake ɗora shi ba, buɗe Run (akwatin rubuta umarni da ke cikin Start) ka rubuta inda yake ka ƙara /x a ƙarshe, zai tambaye ka inda zai zube kayanshi, cikinsu akwai i386 ɗin da ake nema.

Zan iya aron faifan maƙwabcina?

Zaka iya, kuma ba za ta tambaye ka lambar lasisi ba tunda fayil kawai take kwasa. Amma sai ya zama irin naka. Danna maus na dama kan My Computer ka zaɓi "Properties", nan zaka ga ko Home ce ko Professional da kuma lambar Service Pack, sai ka nemo mai irin haka.

Sai maganar harshe, wadda ta shafe mu nan Kebbi fiye da wasu wurare. Kwamfutocin gwanjo da ke shigowa ta wajen Kamba daga Nijar da Benin wasunsu Windows ɗin Faransanci ke kansu, zaka gane su da kibod ɗin da ya fara da AZERTY. Irin wagga faifan Faransanci take so. Na taɓa ganin wadda anka cusa ma fayilolin Turanci, ta koma rabi wanga harshe rabi wancan, mai ita bai san ina zai danna ba.

Na uku kuma shi ne faifan da anka rage. Akwai XP da yawa da ke yawo hannun masu gyara waɗanda wani ya bi da manhaja irin nLite ya cire harsuna da fas da sauran abubuwa don ta yi sauƙi, a sa mata suna mai daɗi da hoton bango mai kyau. Irin wanga faifan ko ka shekara kana nuna shi fayil ɗin ba ya ciki. Kuma in da irinshi anka ɗora Windows ɗinka tun farko, wani lokaci akwatin da zaka sa ma alama ma babu shi gaba ɗaya, nan kam cikakken faifai ma ba lallai ya cece ka ba.

Sunan fayil ɗin ta rubuto min. In neme shi a intanet in sauke ba zai yi ba?

Don Allah kar ka yi. Na farko ba fayil ɗaya take so ba, wanda ta fara cin karo da shi ne ta faɗa maka, kana ba ta shi za ta nemi na gaba har ka gaji. Na biyu ba ka san na wace Service Pack ba ne ko na wane harshe. Na uku, wuraren da ke raba fayilolin dll ɗai-ɗai nan ne ake kwaso bairos, kai kuma da hannunka zaka kai shi cikin zuciyar Windows, a kwamfutar da tun 8 ga Afrilu 2014 anka daina yi mata gyaran tsaro. Nemi folda cikakkiya daga faifai na asali.

Ɗalibi ne ni, ina son IIS don aikin makaranta, ta tsaya kan staxmem.dll alhali ga fayil ɗin nan ina ganinshi.

Ƙanena, fara duba ko XP Professional ce, don Home ba ta da IIS ko kaɗan. In Professional ce kuma ga staxmem.dl_ nan cikin folda amma tana cewa ba ta iya kwafa, to ba daga faifai matsalar take ba, wani ƙaramin kundin tsaro ne na Windows ya ɓaci. Buɗe Run ka rubuta:

esentutl /p %windir%\security\database\secedit.sdb

Zai yi gargaɗi, ka amince, in ya gama ka sake gwadawa. Wannan ya sha fitar da ni kunya. Kuma ka sani IIS 5.1 ce ke cikin XP, tsohuwa ce ƙwarai, in malaminku sabon abu yake koyarwa gara ka nemi Windows ta gaba.

Kullum sai na nemo faifai. Babu yadda za a yi ta daina tambaya?

Akwai, kuma shi nake yi ma duk XP ɗin da ta biyo ta hannuna. Kwafe i386 gaba ɗaya daga faifai zuwa C: ta zama C:\i386. Sannan buɗe Run ka rubuta regedit don shiga rajistiri, wato kundin saitunan Windows, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Setup, nan akwai SourcePath, ka canza abin da ke ciki ya koma C:\ kawai. Kar ka rubuta C:\i386, ita ce ke ƙara i386 ɗin da kanta, nan ne mutane ke yin kuskure. In faifan naka mai SP3 ne a haɗe, ServicePackSourcePath ma ka mayar da shi haka.

Wanda bai saba shiga rajistiri ba ya tsaya a kwafe foldar kawai, "Browse" ɗin ba wahala gare shi ba, ya fi a taɓa abin da ba a sani ba.

Tawa Windows 7 ce, na buɗe "Turn Windows features on or off" sai fili fari babu komai.

Windows 7 ba ta neman faifai don irin wannan, duk kayanta na cikin wata folda mai suna WinSxS, Larabci ma kibod kawai zaka ƙara. Saboda haka in jerin ya fito fari, ko ta fara sai ta ce ta kasa, ma'ajiyar ce ta samu rauni, galibi daga ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa, ko wani ya ga foldar ta yi girma ya shiga yana goge-goge don ya samu fili. Kar wanda ya taɓa WinSxS da hannu. Buɗe cmd, baƙin akwatin rubuta umarni, a matsayin mai cikakken iko ("Run as administrator") ka rubuta sfc /scannow, in bai wadatar ba akwai kayan gyara na Microsoft mai lamba KB947821, yana ɗaukar lokaci sosai har ka zaci ya tsaya, kar ka fara shi sai kana da caji ko janareta na aiki.

Manhajar lissafin shagonmu ta ce sai .NET Framework 3.5, Windows 10 kuma tana ba ni 0x800F081F.

Hajiya, wannan tsohuwar matsalar ce ta dawo da sabuwar riga. Tun daga Windows 8 a 2012 anka daina ajiye .NET 3.5 cikin kwamfuta, sunanshi na cikin jeri amma kayan ba su nan, in ka sa alama sai ta tafi intanet ta ɗauko. To mu nan ga yanayin sabis ga tsadar data, sai ta tafi ta dawo hannu wofi. Lambar kuskure 0x800F081F na nufin ba ta ga fayilolin ba, 0x800F0906 na nufin ta kasa saukewa, 0x800F0954 kuma galibi kwamfutar ofis ce da anka ɗaure ta da wata sabar cikin gida, kuma ana samun haka a gwanjon da ba a sake ma Windows ba.

Tsofaffin manhajoji na neman shi ne saboda a kanshi anka gina su, ya fito 2007 kuma yana ɗauke da 2.0 da 3.0 a ciki, samun .NET 4 a kwamfuta ba ya maye gurbinshi.

Maganin ba ya cin data. A samo filashi ko ISO (kwafin faifai gaba ɗaya a fayil guda) na Windows irin wadda ke kan kwamfutar, in ISO ne a danna shi sau biyu zai buɗe kamar faifai, a duba harafin da ya samu, a ce D ne. Ciki akwai folda sources, cikinta akwai sxs. A buɗe cmd da cikakken iko a rubuta:

DISM /Online /Enable-Feature /FeatureName:NetFx3 /All /LimitAccess /Source:D:\sources\sxs

Kalmar LimitAccess ɗin nan ita ke hana ta zuwa intanet. Mintoci kaɗan ne ta kai 100.

Wani zai ce ai yana da babban fayil na dotnetfx35 mai 231MB da yake amfani da shi tun zamanin XP. A XP yana yi, amma a 8 da 10 ko ka danna shi mayar da kai zai yi kan wancan akwatin mai neman intanet, kar a ɓata data wajen sauke shi.

Na rubuta umarnin daidai, har yanzu 0x800F081F.

Yadin bai dace ba. Windows 10 suna ɗaya ne amma fitowa-fitowa ce tun 2015 har zuwa ta ƙarshe 22H2, kuma sxs na wata ba lallai ya shiga wata ba, balle na 8.1 ko na 11. Rubuta winver a Run ka ga taka, ka kuma duba ko 32-bit ce ko 64-bit. Sai ka duba harafin, da yawa suna kwafe D daga rubutu alhali filashinsu E ne ko F. Sannan ka leƙa cikin sxs da idonka, ya kamata ka ga fayil mai netfx3 a sunanshi wajen 70MB, in wayam ne to ISO ɗin ragagge ne irin wanda na faɗa a sama.

A Windows 10 ban ga Traditional Arabic ba, takardun da na buga da can duk sun hargitse.

Wanga salon rubutun an mayar da shi cikin abubuwan zaɓi ne, shi da Andalus da Sakkal Majalla da wasu. Shiga Settings ka nemo "Optional features", ka ƙara "Arabic Script Supplemental Fonts", ko ka ƙara Larabci cikin harsuna shi ma yakan jawo su. Wannan kam ba ya cikin sxs, sai da intanet, amma ba shi da nauyi.

Mai gyara ya ce babu magani sai fomatin.

Ka tambaye shi ko ya gwada nuna mata i386 ko sxs, in bai gwada ba ka ɗauki kwamfutarka. Ba zargin kowa nake ba, da yawa daga yaran da ke koyon aikin nan fomatin kawai anka koya musu, kuma shi ya fi sauri. Amma an taɓa kawo min kwamfutar wani dattijo da ya shekara huɗu yana buga karatuttukanshi, ya kai ta wani wuri don a sa mishi Larabci kawai, anka share komai anka ɗora mishi ragaggen XP wanda Larabcin ma ba ya ciki. Mun samo wasu fayilolin, wasu sun tafi har abada, kuma har yau in na tuna fuskarshi raina ɓaci yake.

Inda fomatin ke da hujja shi ne in Windows ɗin da kanta ragaggiya ce, ko WinSxS ta lalace ta ƙi gyaruwa. Ko a nan ma a XP akwai ɗorawa ta gyara, wadda ake danna R bayan faifai ya gano Windows ɗin da ke ciki, tana barin fayiloli da manhajoji. Kuma ko mi za a yi, a kwashe takardu zuwa filashi tukuna a gaban mai kwamfuta, ya buɗe ya gani da idonshi.

Gaskiya in ci gaba da amfani da XP ko 7 ko in haƙura?

Ya danganta da aikin da take yi. Na san dalilin da ya sa ake riƙe su, wata firintar ko injin yanka sitika ko na buga katin shaida direbanshi XP kawai ya sani, wata kwamfutar kuma RAM 512MB gare ta ba abin da za ta iya ɗauka sama da haka, ga kuɗin sabuwa ba wasa ba. In aikinta buga takardu ne ko tuƙa inji, ta ci gaba, amma a raba ta da intanet, a kuma kula da filashin da ake soka mata. An daina tallafa ma Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, 8.1 kuma Janairu 2023, ita kanta 10 wa'adinta ya ƙare 14 ga Oktoba 2025. Waɗanda sunka ga abin da bairos ɗin WannaCry ya yi a Mayu 2017, lokacin da ya kulle fayilolin mutane a ƙasashe da dama har sai da Microsoft ta fitar ma XP gyaran gaggawa, sun san ba tsoratarwa nake ba. Harkar banki ko POS ko rajistar jarrabawa kam kar a yi ta kan irin wagga kwamfuta.

Faifan nawa ya karce, yana karantawa yana tsayawa.

Ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa barin faifai ya daɗe nan wajenmu, kuma idon na'urar da ke karanta shi ma yana cika da ƙura. Goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, ka gwada shi a wata kwamfutar, don sau da yawa na'urar ce ta gaji ba faifan ba. In ya karantu ko sau ɗaya ne kar ka tsaya, kwashe i386 nan take zuwa filashi, ka sa ta cikin folda ka rubuta sunanta dalla-dalla, misali XP Pro SP3 Turanci, ka yi ma sxs haka da lambar da winver ya nuna. XP da 7 ba sa buɗe ISO da kansu, in ISO kake da shi manhajar 7-Zip na fitar da abin da ke ciki. Ni filashi guda na ware ma wannan kawai, ba na sa mishi komai kuma ba na ba da aronshi, wanda ke so ya zo da nashi in kwafe mishi.